Martani Ga Mai Cewa Sumar Mata Kissa Ce

Na karanta rubutun da wani marubuci ya yi a shafinsa na ƙarshen mako a kan matan da ke yawan suma a wuraren aiki da gidajen aure. Maganarsa ta tsaya ne a kan abu uku. Na farko, wai mafi yawansu an kai su asibiti, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, saboda haka kissa ce da son jiki. Na biyu, wai iyayenmu da kakanninmu sun yi daka da surfe da jan ruwa a rijiya ba a ji suna zubewa ba, don haka sangartar zamani ce. Na uku, ya shawarci shugabannin ma'aikatu da mazaje su daina lallashi: mace ko ta tsaya ta yi aiki kamar kowa, ko a sallame ta ta koma gida ta kwanta. Malam, na yarda da nufin gyara ka yi rubutunka, amma duka ukun kuskure ne, kuma na ukun zai iya raba wata baiwar Allah da abincinta ko da aurenta. Shi ya sa ban ga dacewar yin shiru ba.

Mu fara da abin da ke faruwa a jiki. Akwai jijiyoyin da Allah Ya ɗora wa aikin da mutum ba ya sa su, ba ya hana su. Su ke daidaita bugun zuciya da ƙarfin tafiyar jini da gumi da narkar da abinci da riƙe fitsari. Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jinin da ya kai rabin lita zuwa lita guda yakan gangara ƙafafu da ciki. Ga mai lafiya, kafin ya ankara waɗannan jijiyoyi sun matse hanyoyin jinin ƙafafu, sun ƙara wa zuciya bugu 10 zuwa 20 a minti, jini ya ci gaba da isa ƙwaƙwalwa. Idan suka yi rauni ko suka rikice, wannan matsewa ba ta samuwa yadda ya kamata. Kamar gidan bene ne da ƙarfin famfo ya ragu, na ƙasa suna ta tarar ruwa, na sama ne ke fara rasawa. Ƙwaƙwalwa ce a sama, kuma idan jini ya yanke mata na daƙiƙa 6 zuwa 8 kacal, mutum ya zube ke nan. Da ya kai ƙasa, kai da zuciya sun daidaita, jini ya koma, sai ya farfaɗo. Wannan saurin farfaɗowa shi ne ka kafa hujja da shi cewa wasan kwaikwayo ne, alhali yana cikin alamomin da likita yake tambaya don ya gane irin sumar.

Kuma matsalar ba iri ɗaya ba ce. Akwai sumar da aka fi sani, wadda zafin rana ko doguwar tsayuwa ko ganin jini ko mummunan labari ke jawowa, inda zuciya ke rage gudu, ƙarfin jini ya sauka lokaci guda. Kusan mutum ɗaya cikin uku yakan gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwarsa, wasu kuwa takan zame musu abokiyar zama. Akwai saukar jini wajen miƙewa, wadda aka fi gani ga tsofaffi da masu ciwon suga da ya daɗe da masu ciwon Parkinson da masu shan wasu magungunan hawan jini. Sai wanda likitoci ke kira POTS, inda ƙarfin jini ba ya sauka sosai amma zuciya ke sheƙawa da gudu da zarar an miƙe. Wannan ya fi kama mata, kusan huɗu cikin kowane biyar masu shi mata ne, kuma galibi daga shekara 15 zuwa 50. Wato daidai shekarun karatu da aure da haihuwa da neman na kai. Yakan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani ko tiyata ko haihuwa, kuma bayan annobar korona ta 2020 likitoci a ƙasashe da dama sun ga ƙaruwar masu shi. Yawan mata a cikin masu ciwon ba shaidar kissa ba ce, haka ciwon yake.

To, me ya sa gwaji ke fitowa lafiya? Dalilin a fili yake. A ɗakin likita a zaune ake auna jinin mara lafiya, a kwance ake ɗaukar layin bugun zuciyarta, a kwance ake hoton ƙwaƙwalwa. Ciwon kuwa sai an miƙe yake bayyana. Gwajin da ke kama shi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A kwantar da ita minti 5 zuwa 10, a auna jini da bugun zuciya, sannan ta miƙe ta tsaya cik a riƙa maimaita awon. Idan lambar sama ta awon jini ta sauka da 20, ko ta ƙasa ta sauka da 10, cikin minti 3, saukar jini wajen miƙewa ke nan. Idan jinin bai sauka haka ba amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye a minti cikin minti 10 na tsayuwa, ko da 40 ga masu shekara 12 zuwa 19, kuma ta shafe aƙalla wata 3 tana fama da jiri da kasala in ta miƙe, to likita zai duba batun POTS bayan ya tabbatar ba ƙarancin jini ko ƙishirwa ko wani ciwon ne ya jawo ba. A manyan asibitoci akwai gado na musamman da ake ɗaure mutum a kai a karkata shi zuwa tsaye, wanda likitocin asibitin Westminster na Landan suka fito da amfaninsa wajen binciken suma a 1986. Malam, mace ba ta da ikon umartar zuciyarta ta ƙara bugu 30 don ta burge miji ko ta guje wa aiki. Kafin ka ce ba a ga komai ba, tambayar da ta kamata ita ce: an auna ta a tsaye?

Batun cewa sabon abu ne kuwa, tarihi bai goyi bayanka ba. A 1871 wani likitan Amurka, Jacob Mendes Da Costa, ya wallafa bayanin ɗaruruwan sojojin yaƙin basasar ƙasar da ke fama da bugun zuciya da jiri da gajiya ba tare da an ga rauni a zuciyarsu ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan zuciya na Ingila Thomas Lewis ya yi fama da dubban sojoji masu irin waɗannan alamomi. A 1993 ne likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Ronald Schondorf da Phillip Low, suka fayyace POTS da ma'aunansa. Waɗanda aka fara rubuta labarinsu maza ne sojoji, ba amare ba. A watan Yunin 2010 Janar David Petraeus ya sume na ɗan lokaci yana zaune gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, kyamarori na ɗauka. A watan Satumbar 2006 'yar sama jannati Heidemarie Stefanyshyn-Piper ta zube har sau biyu tana jawabi a Houston, kwana guda bayan dawowarta daga sararin samaniya, domin jikinta bai gama sabawa da nauyin duniya ba. Waɗannan ba mutanen da za a zarga da ragwanci ba ne.

Kakanninmu ma sun suma, sunan da aka ba abin ne ya bambanta. Wadda ke yawan faɗuwa a da, cewa ake yi tana da iska, ko mutanen ɓoye sun shafe ta, ko farfaɗiya ce, a yi ta turare da rubutu, wani lokaci a hana ta aure ko a ware mata ƙwarya. Rikita suma da farfaɗiya kuwa har yau ana yi, saboda mai suma ma takan yi fizge-fizge. A 1994 wasu likitoci a Berlin ta Jamus, ƙarƙashin Thomas Lempert, sun sa matasa masu lafiya suka suma da gangan suna ɗaukar su a bidiyo, sai aka ga kusan tara cikin goma na waɗanda suka suma sun yi fizgar gaɓoɓi, kuma sumar ba ta wuce kimanin daƙiƙa 12 ba. Ba ni da ja da addu'a ko ruƙiyya, amma addu'a ba ta hana awo.

Ina magana ne a kan abin da na gani a gidanmu. Ɗiyar yayata malamar firamare ce, mai hazaƙa, ciwon ya same ta bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da ita. Abin da mutane ke gani shi ne faɗuwa, amma faɗuwar ƙarshen labari ce. A taron ɗalibai na safe, tana tsaye a rana, sai hamma ta fara zuwar mata a jere. Sai gumi mai sanyi ya karyo mata, cikinta ya hautsine, kunnuwanta su ɗau ƙara, muryar yara ta koma kamar daga nesa, gefen idanunta ya fara duhu yana matsowa tsakiya. Daga nan abin da ya rage mata daƙiƙoƙi ne. In ta samu wuri ta zauna ko ta tsuguna, ta tsira. In ta ji kunyar idon mutane ta daure, sai dai a ɗauke ta. Ranar da ta zauna a bakin baranda don kada ta faɗi gaban yara, takardar tuhuma aka ba ta, wai ta raina taro. Abokan aikinta kuwa cewa suke yi, “Ai ga ta nan ɓul-ɓul, wane irin ciwo?” Ranakun da ba ta faɗi ba ma ba hutu ba ne. Takan wuni da nauyin kai, ta karanta layi ɗaya sau da yawa bai zauna ba, ta dawo gida kamar wadda ta yi noma.

Da wani likita ya yi mata awon tsaye ya rubuta wa makarantar takarda, abin da aka canza bai taka kara ya karya ba. Aka samo mata kujera mai tsayi a gaban allo. Aka yarda ta riƙa shiga aji da gorar ruwa. Aka ɗauke mata tsayuwar taron safe da tsaron ƙofa a rana, ta karɓi aikin rajista da duba jarabawa a madadinsu. Aka mayar da darussanta masu nauyi zuwa hantsi, domin da sassafe ciwon ya fi tsananta. Har yau tana koyarwa, kuma da albashinta ake taimaka wa ƙannenta. Da shugabanta ya bi shawararka, Malam, da makarantar ta rasa malama, gida ya rasa madogara, ciwon kuma yana nan.

Ba ina cewa abin mai sauƙi ba ne. Wani bincike na asibitin Mayo a 2002 ya nuna cewa takurar da POTS ke yi wa rayuwar masu shi tana kama da ta masu gazawar zuciya da masu daɗaɗɗen ciwon huhu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka bincika ba sa iya aiki. A ɗaya gefen kuma ga Katie Ledecky, 'yar wasan ninƙaya ta Amurka mai lambar zinare 9 a gasar Olamfik, wadda ta bayyana a littafinta na 2024 cewa ta shafe shekaru tana da POTS, tana riƙe shi da ruwa da gishiri da safa mai matse ƙafa. Mafi yawan masu ciwon suna tsakanin waɗannan biyu ne. Inda mutum zai faɗa ya danganta da tsananin ciwonsa, ya kuma danganta da ko waɗanda ke kewaye da shi sun ba shi dama.

Cewa a mayar da ita gida ta kwanta shi ne mafi munin shawararka, domin kwanciya ƙara ciwon take yi. A 1966 a birnin Dallas an kwantar da samari biyar masu shekara 20 a gado tsawon mako 3. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfin zuciya da numfashi. Mai kwanciya ruwan jininta raguwa yake yi, naman ƙafafunta ya saki, in ta miƙe abin ya fi da. Shi ya sa likitoci ke umartar masu POTS da motsa jiki, a fara a kwance ko a zaune, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin watanni. Ana haɗawa da shan ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, da ƙarin gishiri ga wadda likita ya amince mata, da safa mai matsewa har ƙugu, da cin abinci kaɗan-kaɗan maimakon cika ciki lokaci guda. Akwai kuma dabarar harɗe ƙafafu da ɗaure naman cinya da ciki, ko damƙe hannu da ƙarfi, da zarar alama ta zo. Wani bincike da likitocin Holan suka jagoranta a 2006 a kan masu yawan suma ya nuna cewa cikin waɗanda aka koya wa wannan dabara kusan kashi 32 cikin ɗari ne suka sake suma, a sauran kuwa kusan kashi 51. Idan duk wannan bai wadatar ba, akwai magunguna irin su fludrocortisone da midodrine da propranolol, waɗanda likita ne kaɗai ke da hurumin rubuta su.

A gidan aure ma haka abin yake. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, don haka tsayuwa kan murhu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, jarrabawa ce babba. Ɗiyar yayata a zaune take girki, a kan kujera 'yar tsugunno, tukunya a ƙasa. A zaune take wanka, da ruwa mai ɗumi, ba ta kulle ƙofa da sakata. Ba ta jan ruwa a rijiya ita kaɗai. In tana goye da yaro ta ji alama, nan take take zama ko a tsakiyar kasuwa ne. Maigidanta ya ɗaga kan gadonsu da bulo, kuma shi ke bin layin banki da na asibiti, ita tana zaune. Babbar 'yarta ta san in Mama ta kwanta a ƙasa, matashi za ta ɗauko ta sa mata ƙarƙashin ƙafafu, ba ihu ba. Abin da ya fi wuya shi ne dangi. Sai da maigidan ya ɗauki Hajiyarsa suka je wurin likita tare, ta ga awon da idonta, sannan maganar “kullum ita ce ba lafiya” ta mutu. Gani ya kori ji. Ga mai jego kuwa, wanka da tafasasshen ruwa abu ne da ya kamata a tuntuɓi likita a kansa idan tana da wannan larura.

Addini bai tsananta inda kai ka tsananta ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi fama da rashin lafiya, kuma a hadisinsa da ke cikin Bukhari ne malamai suka kafa hujjar halaccin sallah a zaune ko a kishingiɗe ga wanda ya kasa tsayuwa. Suratul Baƙara ta ba mara lafiya rangwamen ajiye azumi ya rama. Wadda rashin shan ruwa ke kayar da ita, sai ta haɗa shawarar likita da ta malami kafin Ramadan. Idan aka yarda baiwar Allah ta gana da Ubangijinta a zaune, da wace hujja shugaba ko miji zai hana ta kujera?

Akwai inda maganarka ke da ƙamshin gaskiya. Ba a rasa mai fakewa da ciwo, a cikin maza da mata. Akwai kuma masu faɗuwa saboda damuwa ta yi musu yawa ba tare da jini ya sauka ba, su ma marasa lafiya ne masu buƙatar kulawa. Haka nan akwai ayyukan da ba su dace da mai yawan suma ba sai an shawo kan ciwon: tuƙin mota ko babur, hawa sama, aiki kusa da injin niƙa ko tafasasshen mai. Amma maganin zargi shi ne bincike, maganin aiki mai haɗari kuma shi ne canjin aiki. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, kuma manufarta ita ce kada larura ta zama dalilin tauye wa mutum haƙƙi.

Babban haɗarin rubutunka shi ne zai sa a raina sumar da ke kisa. Wanda ya suma yana tsaka da gudu ko aikin ƙarfi, ko yana kwance, ko tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko babu wata alama kafin faɗuwa, ko a danginsu an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi, wannan zuciyarsa ce abin tuhuma, a kai shi asibiti a ranar. Haka mai ciki ko mai jego da ta suma, da mai zubar jini, da mai ciwon suga. Kuma kada kowa ya karanta wannan ya fara ɗura wa kansa gishiri, domin ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko gazawar zuciya cutarwa zai yi. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da likitocin zuciya da na jijiyoyi.

Ga mai karatu kuma, in wani ya suma a gabanka, kwantar da shi a bayansa, ka ɗaga ƙafafunsa, ka sassauta masa tufafi, ka kori taron mutane ya samu iska. Kada ka zaunar da shi ko ka tayar da shi tsaye. Kada ka ɗura masa ruwa ko manja, kada ka cusa masa cokali a baki, domin zai iya shaƙewa. In yana amai, juya shi gefe. In ya farfaɗo, bar shi ya huta a kwance kafin ya tashi a hankali. In minti ɗaya zuwa biyu ya wuce bai dawo hayyacinsa ba, ko ba ya numfashi daidai, a garzaya da shi asibiti.

Malam, alƙalaminka yana da masu saurare, kuma a cikinsu akwai shugabannin makarantu da manajoji da mazaje da iyayen miji waɗanda za su yanke hukunci a kan wata da abin da ka rubuta. Ina roƙonka ka samu likitan zuciya ko na jijiyoyi ka tambaye shi, ka zauna da ko da mutum ɗaya mai wannan larura ka saurare ta, sannan ka dawo shafin da ka yi zargin ka gyara. Ku kuma masu iko da ma'aikata da masu riƙe da gidaje, kafin ku ce kissa ce, ku kai ta a auna ta a tsaye, ku ba ta kujera da ruwa, ku bar ta ta ci gaba da aikinta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon yi musu adalci.